Saitin Baba Isiyaku

"Dakata, Baba, dakata! Ya koma ja."

Isiyaku ya tsayar da makaɗinsa a iska, ya dubi Zaharaddeen ta ƙasan gira. Kalangun na maƙale a hammatarsa ta hagu, fatar ba ta gama rawa ba.

"Mi yak koma ja kuma?"

"Wanga hasken." Zaharaddeen ya nuna gefen fuskar kwamfutar, inda wani siririn layi yake hawa yana sauka kamar ruwa a kwalba. "In bugun ya yi daidai, kore yaka tsayawa. In ya kai ja, sauti ya hwashe ke nan. Hannunka ya yi mashi ƙarhi."

"To shi rage kunnenai. Ni ba ni rage hannuna."

Zaharaddeen ya yi dariya, ya miƙe ya ja makirfon baya da taƙi guda, ya dawo gaban mikisa, na'urar daidaita sauti, ya murɗa maɓallinta ƙasa, ya ƙara murɗawa. Ɗakin ya yi zafi kamar tanda. Bazara ce, ga ƙofa a rufe, ga fanka a kashe, domin makirfo ba ya barin ƙarar fanka ta wuce shi. Tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai da ya buga a bango sun riƙe zafin sun hana shi fita.

A nan ne mahaifinsa yake jibge buhunan gero kafin ya rasu. Zaharaddeen yana sayar da kaset da faifai a bakin tashar Jega, sai a shekarar nan ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Sakkwato, da ƙaramar mikisa da makirfo biyu, wani abokinsa ya sa masa manhajar naɗar sauti. Ya kwashe buhunan, ya share ɗakin, ya ce ya buɗe sutudiyo. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin da gidan Isiyaku. Tun yana yaro da ƙarar wannan kalangun yake tashi, in tsohon yana jan tsarkiya da safe kafin ya tafi kasuwa.

Isiyaku makaɗin mahauta ne, haka ubansa, haka kakansa. Kowane gidan pawa a Jega yana da takensa, wato kiɗan da in aka buga shi, ɗan gidan zai san da shi ake, ko da yana can ƙarshen kasuwa ya duƙa a kan saniyar da ya yanka. Duk waɗannan take suna kan Isiyaku, kuma shi kaɗai suka rage wa. Mai buga masa kuntuku, ƙaramar gangar da ke amsa wa kalangu, ya rasu. Mai ɗan karɓi, wato ƙaramin kalangu, ya tafi kudu yana kabu-kabu. 'Ya'yansa maza sun bi mota. Shi ya sa wata safiya ya yi sallama a ƙofar ɗakin, kalangu a kafaɗa, ya ce an gaya masa akwatin Deeni, wato Zaharaddeen, yana riƙe sauti, yana so a zuba masa taken mahauta duka a ciki.

"Sake bugawa, Baba."

Ya buga. Ruwan da ke cikin kofi a kan tebur ya yi ta karkarwa. Hasken ya hau, ya tsaya cak a ƙarshen kore, bai taɓa ja ba.

"Yawwa! Nan ne."

Da yake babu 'yan amshin kiɗa, ɗaya bayan ɗaya suke ɗauka. Isiyaku ya fara buga kalangu, a naɗe shi a layi na farko. Sannan Zaharaddeen ya sa masa abin ji a kunne, ya sakar masa abin da ya buga, ya bi shi da kuntuku a layi na biyu, sannan ɗan karɓi a na uku. Da aka fara sa masa abin kunnen, tsohon ya yi wuf ya cire shi, ya waiga bayansa.

"Wa ke nan?"

"Kai ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon abin a hannunsa kafin ya mayar. "Ya iya kiɗi," ya ce. "Amma ba ni son yadda yake zaune cikin kaina."

Da suka gama taken farko, Zaharaddeen ya ɗauko alli ya zagaye ƙafafun kujerar tsohon a kan siminti, ya zagaye gindin ƙarfen makirfo. Ya manna salatif a kan maɓallan mikisa don kada hannu ya goce su. Sannan ya adana komai a kwamfutar, layukan nan uku da ƙarfin kowannensu da ɗan amon da ya ƙara wa kuntuku, ya sa wa saitin suna Baba Isiyaku.

"Gobe in mun zo, ba sai mun sake wagga wahala ba," ya ce. "Da na buɗe sabon kiɗi, in kira sunanka, komi ya dawo yadda munka bar shi yau."

"Ba ya mantuwa?"

"Ko alama."

Isiyaku ya gyaɗa kai. Bai tashi nan take ba. Ya sauke kalangun a cinya, yana murza damtsensa na hagu a hankali, gumi na ɗiga daga gemunsa. Zaharaddeen ya ɗauka zafi ne, ya buɗe ƙofa ya kunna fanka.

Haka suka ci gaba, duk ranar da aka kawo wuta da hantsi. Isiyaku ya zauna a cikin zanen allinsa, Zaharaddeen ya kira saitin, su ɗauki take ɗaya, wani lokaci biyu. Kafin kowanne tsohon sai ya faɗi sunan gidan da na kakan da aka fara buga wa, da yadda mutumin yake in ya ji, wane yana tsalle da wuƙa a hannu, wane sai ya yi kuka. Aikin na tafiya da sauri tunda babu abin da ake sakewa.

Kwamfutar tana zana hoton duk sautin da ta ɗauka. A ranar farko hoton kalangun ya fito da kauri, kamar zangarniyar gero a kwance. Bayan 'yan makonni Zaharaddeen ya lura zangarniyar ta fara ramewa. Hasken da ke tsayawa a ƙarshen kore ya koma tsayawa a tsakiya. Ya duba alli, kujera na wurinta. Ya duba salatif, bai motsa ba. Ya canza waya, ya gwada ɗaya makirfon nasa. Da abin ya ƙi, ya hau babur ya tafi Aliero wurin Abdulbasit, mai ba da hayar lasifika, ya aro wani makirfon. Duk hanyar dawowa, yana bin bayan manyan motocin albasa, warinta na shiga masa ido, yana faɗa wa kansa cewa kayan gwanjo haka suke, ba su da tabbas.

Ya haɗa sabon makirfon. Washegari hoton ya fito siriri kamar ƙayar kifi.

Bayan tsohon ya fita alwalar azahar, Zaharaddeen ya zauna a kan kujerarsa, ya ɗauki makaɗi, ya buga wa kuntuku sau ɗaya, bugun wanda bai iya ba. Hasken ya yi sama ya kusa taɓa ja. Ya ajiye makaɗin a hankali. Ya koma gaban kwamfuta ya jera taken farko da na yau, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya zauna yana kallonsu. Bai ji dawowar Isiyaku ba sai da inuwarsa ta faɗo kan teburin.

"Wanne ne ni?"

Zaharaddeen ya so ya rufe, ya makara. "Duka kai ne, Baba. Na sama ranar da munka hwara."

"Kuma ba ka taɓa komi ba."

"Ban taɓa ba."

Tsohon ya sunkuyo, ya kai yatsa kusa da gilashin bai taɓa ba, ya bi siririn hoton daga farko har ƙarshe. Ruwan alwala na bushewa a hannunsa. Zaharaddeen ya ga bayan hannun ya kumbura, zobensa na azurfa ya nutse a cikin nama.

"Kac ce kana iya rage mashi kunne. Kana iya ƙara mashi?"

"Ina iyawa. Amma Baba, ya kamata a ga likita."

"Ƙara mashi." Ya miƙe. "Saura kaɗan mu ƙare. In anka kwantar da ni asibiti, wa zai ƙarasa? Kai?" Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo. "Kak ka hwaɗa ma Laraba. Kak ka hwaɗa ma kowa. Ka ji ni, Deeni?"

"Na ji, Baba."

Ya ɓare salatif ɗin, ya murɗa maɓallin sama. Hoton ya sake kauri, wanda bai sani ba zai ce komai lafiya. Sai dai makirfon da aka buɗe wa kunne ba kalangu kaɗai yake ji ba. Ya fara kamo dakan Laraba, matar Isiyaku, ta bayan katanga. Ya kamo kukan zakara, da kukan manyan motoci can kan titi. Waɗannan Zaharaddeen ya san yadda zai yi da su. Amma a ƙarƙashin kiɗan, tsakanin bugu da bugu, akwai wani sauti da ba a jinsa a cikin ɗakin sai a abin kunne: numfashin tsohon. Yana shiga da siririn fito, yana fita da wani gurgur, kamar ana hura kara a cikin ruwa. Kowane zama sai ya ƙara murɗa maɓallin, kowane zama numfashin sai ya ƙara matsowa, har ya zama in Zaharaddeen ya sa abin kunnen ji yake kamar ya kwantar da kansa a ƙirjin mutumin.

Zaharaddeen ya daina cin abinci sosai. Matarsa Sadiya ta ajiye masa shinkafa da wake da rana, ta zauna tana kallonsa yana juya cokali.

"Inna Laraba ta ce Baba ya bar kwanciya," ta ce. "Zaune yaka barci, ya jingina da bango. Takalminai sun bar shiga. In tat tambaye shi sai shi ce zahi ne."

Zaharaddeen bai ɗago ba.

"Kai kullum kuna tare cikin ɗakin can. Ba ka ga komi ba?"

"Ya ce kar in hwaɗi."

Sadiya ta ce, "To ka riga ka hwaɗa mini. Ni ban iya zuwa Maiyama, kai kana da babur."

Hussaina, 'yar Isiyaku, tana aure a Maiyama, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a can. Ta girmi Zaharaddeen, ita ce take kama hannunsa zuwa makarantar allo suna yara. Ya same ta a gida da la'asar tana tsintar shinkafa a faranti. Bayan gaisuwa ya ce ya kawo mata kiɗan Baba ta ji. Ta yi murna, ta kunna rediyonta mai cin faifai. Ya sa mata na farko. Ta ajiye farantin tana kaɗa kai, ta ce wannan taken gidan su Ayuba ne, Sarkin Pawa, ta san shi tun tana goye. Sai ya sa mata na shekaranjiya, layin kalangu kaɗai, ba kuntuku ba ɗan karɓi.

Murmushin ya tafi a hankali. Ta matso da kunnenta kusa da lasifikar.

"Maido baya."

Ya mayar.

"Wa ke numhwashi haka?"

Ya dubi ƙasa.

"Zaharaddeen. Tun yaushe?"

"Ya jima, Yaya Hussaina. Ni ma ban gane ba sai da hoton yar rage. Ya hana ni magana."

"Ruwa ne," ta ce, ba da shi take ba. "Ruwa ne cikin ƙirjinai. Ƙahwahunai sun kumbura?"

"Da hannu."

Ta tashi, shinkafar ta zube daga zaninta ba ta kula ba. Ta aika a kira mijinta daga gona, ta ɗauki mayafi. A kan hanyarsu ta komawa hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta yi ta jan babur ɗin gefe, amma ko ɗigo bai sauka ba. Kafin su shiga Jega ya watse, zafin ya dawo fiye da da.

Zaharaddeen bai shiga gidan ba. Daga tsakar gidansa ya ji komai ta kan katanga: muryar Hussaina tana hawa, kukan Laraba, sannan tsohon yana cewa shi ba yaro ba ne, tari ya katse shi, tari mai tsawo da ya sa kowa ya yi tsit. Sadiya ta riƙe muciya a hannu ta kasa komawa kan tukunya.

Washegari aka kawo wuta da hantsi, Isiyaku bai zo ba. Zaharaddeen ya same shi a zaure ya gaishe shi, ya amsa yana kallon titi. Ya sake gaishe shi bayan azahar, haka. Hussaina ta gaya masa an shirya, jibi da safe za a kai shi babban asibiti a Birnin Kebbi, Ɗanlami direba zai zo da motarsa daga tasha. Ta so a tafi a ranar, tsohon ya ce sai an ci kasuwa ya yi sallama da mutanensa.

Ranar kasuwar, bayan la'asar, Zaharaddeen yana zaune a ɗakin naɗin ya ji ana jan ƙafa a ƙofa. Isiyaku ne, kalangu a kafaɗa, ƙafafunsa ba takalmi. Hussaina na biye da shi, Laraba a bayanta ta yafa zane.

"Baba, don Allah," Hussaina take cewa. "Ɗakin ga ba iska. In kad dawo sai ku ƙarasa."

"Guda ɗai yar rage."

"Inna, ki yi mashi magana."

Laraba ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa. "Ƙyale Babanku," ta ce a hankali. "Ko kin hana shi, zuciyatai na nan ɗakin."

Isiyaku ya zauna a kujerarsa, ya gyara ƙafafunta da kansa har suka shiga zanen allin. Sai a lokacin ya dubi Zaharaddeen ido cikin ido, karo na farko tun zuwan Hussaina.

"Bakinka bai hwaɗi ba, an ce. Akwatinka kas sa yah hwaɗi."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Dabara ce mai kyau." Bai yi murmushi ba. "To yau ba ni son ƙarin nan naka. Maida shi yadda yake ranar da munka hwara."

"Ba za a ji ka sosai ba."

"Maida shi."

Zaharaddeen ya kira tsohon saitin. Ya murɗa maɓallan mikisa ƙasa har suka dawo kan shatin da salatif ya bari. Ya ce wa matan su zauna a kan buhu a gefe, kada su motsa. Ya rufe ƙofa, ya kashe fanka.

"Na wane gida ne, Baba?"

"Ba na mahauta ba ne. Namu ne. Tsohona yaka buga ma tsohonai shi. Ni ban taɓa buga shi gaban mutane ba, ba wanda zan buga mawa." Ya gyara igiyar a kafaɗa. "Kalangu kaɗai. Ba ya son amshi."

Zaharaddeen ya danna, ya ɗaga hannu.

Bugun farko ya sa Hussaina zabura. Hasken ya yi sama ya tsaya a ƙarshen kore, yana lasar ja. A fuskar kwamfutar hoton ya fara fita da kauri irin na ranar farko, yana tafiya yana ƙaruwa. Kiɗa ne mai nauyi, ba gaggawa, kalangun yana sauka ƙasa kamar mai kiran wani daga nesa, ya hau, ya sake sauka. Isiyaku ya rufe ido. Damtsensa na matse tsarkiya yana saki, jijiyar wuyansa ta fito, leɓɓansa sun yi toka. Gumi ya jiƙa rigar har ciki.

Zaharaddeen bai ji daɗi ba. Tsoro ya ji. Ya san abin da ya rage a hannun nan, ya ga hotonsa mako bayan mako, kuma bai san daga ina wannan ƙarfin yake fitowa ba. Yatsansa na kan maɓallin tsayarwa. Ya dubi Hussaina, ta toshe baki da mayafi tana gyaɗa masa kai ya tsayar. Ya dubi Laraba. Ita ba ta kallon kowa, tafin hannunta na kan gwiwa, yatsunta na bin kiɗan. Bai danna ba.

Isiyaku ya kai ƙarshe, ya yi bugu ɗaya ya ɗora tafinsa a kan fatar, sautin ya mutu. Ɗakin ya yi shiru, sai numfashinsa, wanda yanzu kowa yake ji ba sai da abin kunne ba. Hussaina ta banko ƙofa, ta kunna fanka, ta durƙusa tana yi masa fifita da mayafinta.

"Ya kai ja?" ya tambaya da ƙyar.

"Bai kai ba, Baba. Daidai yat tsaya."

"In sa maka ka ji?"

Ya girgiza kai. "Na ji shi." Ya zare igiyar daga kafaɗa, ya miƙa wa Laraba kalangun. Da zai tashi sai da Zaharaddeen ya kama shi, kuma bai ture hannun ba. Tafiyar da ba ta wuce tsawon katanga ba sai da suka tsaya a hanya ya huta.

Da safe Ɗanlami ya zo da motarsa. Isiyaku ya fito cikin farar riga da hula, an yanka masa bayan wasu tsofaffin takalma don ƙafar ta shiga. Ya ce Deeni ya zo ya raka su. Aka sa shi a baya, Zaharaddeen a damansa, Hussaina a hagunsa. Laraba ta tsaya a bakin zaure, za ta biyo su da abinci in an ba shi gado. Ta miƙo butar shayi ta taga, ta gyara masa hannun riga.

Suka bi ta gefen kasuwa. Mahauta sun riga sun rataye naman safe. Ayuba Sarkin Pawa ya ɗaga hannu da wuƙarsa a ciki, ya yi kira, "Allah shi ba da lahiya, Isiyaku! Muna jiranka!" Tsohon ya ɗaga yatsu biyu.

Da suka fita daga gari Isiyaku ya ɗan sami sauƙi, iska na shigowa ta taga. Ya tambayi Ɗanlami labarin mahaifinsa. Ya nuna wata gona ya ce ya taɓa kiɗan gayya a cikinta. Sannan ya juyo wurin Zaharaddeen.

"In ka zuba su cikin hwaihwai, kowane gida ka ba su nasu. Kak ka haɗa ma wani da na wani, sai su yi hwaɗa."

"To, Baba."

"Kuma wancan numhwashin, ka cire shi."

"Ba ya cirowa duka. Ya shiga cikin kiɗin."

"To bar shi," ya ce. Ya jingina kansa da kafaɗar Zaharaddeen. "Zan ɗan runtsa. Rabona da barci."

Motar ta ci gaba da tafiya. Ɗanlami ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Zaharaddeen yana jin numfashin a jikin wuyansa, fiton nan da gurgur ɗin nan da ya sani kamar nasa. Yana shiga, yana fita. Ya shiga, ya daɗe, ya fita. Suka wuce wasu mata masu ɗauke da itace, suka wuce wata motar shanu da ta lalace a gefen titi. Zaharaddeen ya samu kansa yana jiran na gaba. Ya jira. Kan tsohon ya ƙara nauyi a kafaɗarsa.

"Yaya Hussaina," ya ce.

Ta riga ta kama wuyan hannun. Ta riƙe, ta saki, ta kai yatsu ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Ta kira shi sau ɗaya, "Baba." Sannan ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar kada ta tashe shi.

Ɗanlami ya duba madubi. Ya kashe rediyo, ya gangara gefen titi ya tsaya. Sun kusa Kalgo. Hussaina ta shafa idanun mahaifinta, ta ciro zane daga jakar kayan asibitin ta rufa masa. Ta ce wa Zaharaddeen ko za su kwantar da shi. Ya ce a bar shi yadda yake. Ɗanlami ya jira wata tanka ta wuce, ya juya kan motar.

A hankali ya tuƙa su. Motoci na yi masa oda suna wucewa, bai ƙara gudu ba. Kafaɗar Zaharaddeen ta mutu, hannunsa ya yi tsami har yatsu, bai gyara zama ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya sa ɗaya hannun ya tare kan. Hussaina na kuka ba sauti, fuskarta a taga.

Rana ba ta kai tsaka ba suka shigo Jega. Ɗanlami ya bi hanyar da suka fita, ta gefen kasuwa. Wani mahauci da ke sara ƙashi ya ɗago, ya ga motar, ya tsaya da gatarin a sama. Na kusa da shi ya bi idonsa. Saran ya yi ta ɗaukewa daga rumfa zuwa rumfa. Ayuba ya fito bakin hanya, ya duba ta taga, ya ga zanen. Ya ajiye wuƙarsa a kan teburin wani, ya ɗauki buta ya wanke hannuwansa har gwiwa, ya yarfe ruwan, ya bi bayan motar da ƙafa.